Tambayi Direba: Zuwa Kallon Raƙuman Dawa da Motar Kanka

Assalamu alaikum masu karatu. A wannan watan wasiƙu uku sun zo mini a kan fita kallon namun daji da motar kai, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Ga waɗanda ba su san ni ba, na fara da yaron mota a tashar Wadata nan Yamai, daga baya na yi shekara 22 ina tuƙa baƙi zuwa daji da kat-kat, kafin ciwon gwiwa ya sa na ajiye sitiyari. Abin da zan faɗa, abin da na gani ne da idona.

Tambaya ta farko, daga Malam Idi, malamin lakkol a Tawa:

Baba Direba, ina gaisuwa da fatan alheri. Allah ya hore mini ƴar mota RAV4 ta hannu. A hutun Disamba ina so in kawo iyali Yamai wurin yayana, ni da maiɗakina da ɗiya uku. Na daɗe ina koya wa yara darasin raƙuman dawa na Kure da gandun dajin W, amma ni kaina ban taɓa ganinsu ba. Ina so in tuƙa da kaina mu je duka biyun. Motar za ta iya? Kuma dole ne sai na ɗauki ɗan jagora, alhali ni ɗan ƙasa ne ba baƙo ba?

Amsa:

Malam Idi, Allah ya sanya albarka a motar, ya tsare hanya. Na ji daɗin wasiƙarka ƙwarai, don malamin da ke son ganin abin da yake koyarwa ba kullum ake samunsa ba.

Bari in fara da wanda zai yi maka ɗaci. Gandun W, ka cire shi daga lissafinka na bana. Ba na faɗin haka da sauƙin zuciya, domin babu wurin da na fi so a ƙasar nan kamarsa. Tun 1954 aka keɓe shi, ɓangarenmu kaɗai ya kai hekta 220,000, sauran kuma yana cikin Benin da Burkina Faso. Sunan ya samo asali ne daga yadda kogin Kwara ya lanƙwasa a wurin kamar harafin W na boko, kuma a 1996 UNESCO ta sa ɓangarenmu cikin wuraren gado na duniya. Da can mukan bar Yamai bayan Asuba, mu haye gada, mu bi ta Sayi da Tamu, kilomita kusan 150, kafin rana ta take muna ƙofar Tapowa. A watan Maris, lokacin da ruwa ya ja baya, giwaye kan sauko shan ruwa a kwazazzabon Tapowa da yamma, ka tsaya a sama kana kallonsu suna watsa wa kansu laka. Akwai ɓauna, akwai gwanki da kanki da maraya, ga gadu yana gudu da wutsiya tsaye, ga kada a bakin kogin Mekuru. Zaki kuwa sau da yawa sai dai ka ji shi da dare, ko ka ga sawunsa da safe a kan hanya. Amma shekarun nan masu ɗauke da makamai sun shiga dajin ta ɓangarorin uku, an kashe jami'an gandun daji da sojoji a ciki, ana kuma binne nakiya a wasu hanyoyin yankin. Mutumin da ke ɗauke da mace da yara uku ba shi da abin nema a can yanzu. Ina roƙon Allah ya nuna mana ranar da zan rubuta maka akasin wannan.

Kure kuma maganarta daban, amma ita ma akwai sharaɗi. Ka san abin da ya faru ranar Lahadi 9 ga Agusta 2020: ƴan bindiga a kan babura suka kashe mutum takwas a dajin, Faransawa shida ma'aikatan agaji, da ƴan ƙasa biyu, direbansu da ɗan jagora. Bayan nan hukuma ta dakatar da shiga wurin. Shi ya sa duk wanda ya ce maka "je ka kawai, lafiya lau" daga bakin shago, kada ka ɗauka. In ka sauka Yamai, ka je da ƙafarka ofishin ma'aikatan gandun daji ka tambaya, a makon da za ka tafi, ba wata guda kafin nan ba. In ka isa Kure ka sake tambayar jandarma. Idan suka ce a'a, to a'a ce, ka juya da iyalinka ba tare da gardama ba. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, na ranar da aka ce maka hanya a buɗe take ne.

Wurin ma a kan hanyarka yake. In ka taso daga Tawa ka faɗa babban titi a Tsarnawa, ka wuce Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso da Birnin Gaure, Kure ce ke gabanka, saura kilomita 60 ka shiga Yamai. Sai dai kada ka tsaya a ranar. Mutumin da ya tuƙo sama da kilomita 450 da yara a baya, ya iso da La'asar, hutu yake buƙata. Ka wuce ka kwana biyu wurin yayanka, ka komo da sassafe. Amma a wannan tsakanin, daga Birnin Gaure zuwa Kure, ka sassauta ƙafa, don raƙuman kan ƙetara titi, kuma an sha buge su.

Yanzu batun ɗan jagora, wanda shi ne ainihin abin da nake so ka ji. Ka ce kai ɗan ƙasa ne. Gaskiya ne, amma ɗan Adar a dajin Zabarmawa baƙo ne, baƙo kuwa makaho ne ko da yana da ido. Mutane da yawa suna zaton Kure wani fili ne da aka kewaye da waya, ka biya ka shiga ka tarar da dabbobi suna jiranka. Babu shinge ko ɗaya. Raƙuman suna yawo ne a tsakanin gonaki da ƙauyuka da rugagen Fulani, kuma suna canja mazauni da lokaci. Da damina suna kan tudu kusa da Kure, cikin geza da sabara da taramniya. In an gama girbi, sai su gangara fadamar Dallol Boso, wajen Harikanasu, saboda gawo. Ka san halin gawo, yakan zubar da ganye da damina ya fitar da shi da rani, lokacin da sauran itatuwa suka bushe. To a Disamba da za ka zo, mai yiwuwa sun riga sun sauka. Kai kaɗai za ka iya ƙone rabin tanki kana kewaya tudu ba ka ga ko kashinsu ba. Ɗan jagora kuwa tun kafin ku tashi ya buga waya ƙauye biyu ko uku, a hanya ya tsayar da mai amalanke ya tambaye shi da Zabarmanci, ya hau kan mota ya duba, cikin awa guda ya kai ka.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. A 1996 da aka ƙirga raƙuman nan, 49 kacal suka rage, kuma su ne ragowar irinsu a duk Afirka ta Yamma. Yau sun haura 600. Ba shinge ne ya yi wannan aiki ba, haƙurin manoman wurin ne da tsaron hukuma. Raƙumin dawa yana cin wake a gona, yana cin mangwaro a lambu, yana jan harawa daga inda aka ajiye ta a kan itace. Manomin da aka ci masa wake bai ɗauki bindiga ba, ɗaya daga cikin dalilan shi ne yana ganin wani amfani na shigowa ƙauyensa ta dalilin dabbar. Ƴan jagoran ƴaƴan ƙauyukan ne, suna da ƙungiyarsu, kuma kuɗin da ka ba su a wurin yake zama. Tun 2020 da baƙi suka ɗauke ƙafa, mutanen nan suna cikin wani hali. In ka ƙi ɗaukarsu don ka rage ƴan jikkuna, ka ci amfanin haƙurinsu kyauta ke nan. Ka riƙe canji jika-jika, ka biya abin da aka ƙayyade na shiga da na jagora, ka karɓi rasit, in ya kyautata maka ka ƙara masa na goro. Kuma ka shirya masa kujerar gaba tun daga gida, uwargida ta koma baya da yara.

Motarka za ta iya, in ka bi ta da hankali. A kan tudu ƙasa mai tauri ce da tsakuwa, ba matsala. Dallol ne mai rairayi. In kun zo wurin yashi mai laushi, ka rage iskar tayoyi kamar kashi ɗaya cikin uku, ka sa giya ta biyu, ka riƙe mai daidai ba tare da ka tsaya a tsakiya ba. In ka ji ta fara nutsewa, ɗauke ƙafarka nan take. Mai ƙara mai a wannan lokaci kabari yake haƙa wa motarsa, ya kuma ƙone kuloci. A sauka, a tone gaban taya, a shimfiɗa kara ko rassan sabara, a tura. Saboda haka ka zo da shebur, da famfon iska don mayar da iskar kafin ka hau kwalta, da jak tare da guntun katako mai faɗi da za ka ɗora shi a kai, don jak a kan yashi nutsewa yake. Tayar safaya, wato ta ajiya, ka duba ta da kanka a wurin mai faci, kada ka dogara da cewa tana nan. Ruwa jarka guda ta lita 20, ban da na sha. Tanki a cike daga Yamai. Permi da kart giriz da asiransi da katin ɗan ƙasa su kasance a hannu, don akwai shingayen bincike a hanya.

Abu biyu da sabon direba ba ya tunawa da su: tushiyar karan gero da aka sare tana huda taya kamar ƙusa, sannan busasshiyar ciyawa in ta taru a ƙarƙashin mota kusa da salansa mai zafi tana kama wuta. Kada ka tsaya a kan doguwar ciyawa, kuma duk lokacin da kuka sauka ka leƙa ƙasan motar ka cire abin da ya maƙale.

Ni kaina na taɓa yin kuskuren da nake hana ka. Wata shekara a Dallol, muka hango raƙuma bakwai a ƙarƙashin gawo, baƙin da ke bayana suna ta gaggawa kada su tafi. Ɗan jagora ya ce mu bi hanyar amalanke mu kewayo. Na ga kamar nisa, na yanke ta cikin gona. Ban yi taki ɗari ba motar ta zauna har ciki. Muka kwashe awa uku a rana, sai da mutanen ƙauye suka zo da igiya da shanu biyu. Mai gonar, wani dattijo, bai ɗaga murya ba. Ya nuna mini harawar waken da na tattake, ya ce ta bakin ɗan jagora: raƙuman sun ci rabonsu ya yafe, don ba su da hankali, ni fa? Na biya shi, amma maganar ba ta bar ni ba har yau. Daga ranar ban sake sa taya a gonar mutum ba.

In kun same su, ka tsaya nesa kaɗan ka kashe mota. Kada ka yi oda, kada a buga ƙofa. Na Kure sun saba da mutane, babu zaki a yankin da zai sa su zama cikin firgici, don haka ana sauka a taka da ƙafa tare da ɗan jagora. Ku tafi sannu, a gefe-gefe, ba kai tsaye kamar masu kora ba, ku tsaya inda ya ce ku tsaya. Yara su kasance a hannu. Kada kowa ya shiga tsakanin uwa da ɗanta, kuma kada a tsaya dab da bayan dabba, don harbinsa na ƙafa yana iya kashe zaki balle mutum. Sai ku yi shiru ku jira. Wannan jiran shi ne duk daɗin tafiyar. Bayan ɗan lokaci za su manta da ku, ka ga namiji mai tsawon mita biyar yana zare ganye daga cikin ƙaya da dogon harshensa baƙi, ka ga ƙaramin da aka haifa bayan cikin wata 15 ya riga ya kai tsayinka. Ka lura da launinsu, ya fi na waɗanda ake nunawa a talabijin daga Kenya haske, ƙafafunsu kusan farare. Ka sa yara su sa takalmi rufaffe saboda ƙarangiya. Ku bar Yamai bayan Asuba, kafin Azahar ku kasance a kan kwalta kuna komawa.

Tambaya ta biyu, daga Hajiya Rabi, unguwar Bukoki, Yamai:

Malam Direba, yarana sun matsa mini da son zuwa ganin raƙuman dawa, amma maigida ya ce wannan aikin Nasara ne da ɓarnar kuɗi, mutum da hankalinsa ba ya ƙone mai don kallon dabba. Me zan ce masa?

Amsa:

Hajiya, ki gaishe mini da Alhaji. Ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. A shekarun da na yi ina wannan aiki, ƴan ƙasa da na ɗauka ba su kai ɗaya cikin goma ba, kuma abin yana ci mini rai. Mutum ya taso daga Faransa ko Japan ya biya kuɗin jirgi don ya ga abin da ke awa guda daga ƙofar gidanmu, mu kuwa a haife mu a binne mu ba mu gani ba.

Ki tuna masa da ayar Suratul Gashiya, inda Allah yake tambaya ko ba sa duba zuwa ga raƙumi yadda aka halitta shi. An umarce mu da duba halitta mu yi tunani. Na sha ganin dattawan da suka zo da gunaguni, da suka tsaya ƙarƙashin dabbar nan suka ɗaga kai, ba abin da ya fito bakinsu sai tasbihi.

Ki kuma gaya masa cewa kakanninmu ba sai sun yi tafiya suke ganinsu ba. Da can raƙumin dawa yana yawo tun daga Senegal har tafkin Cadi. Farauta da sare daji da farin shekarun 1970 da 1980 suka share shi daga ko'ina, sai nan kaɗai. Har itacen girkin da manyan motoci ke shigowa da shi Yamai, wani daga dajin da suke ci ake saro shi. Yaron da bai taɓa ganin dabbar ba, in ya girma ya zama mai mulki ko ɗan kasuwa, da wace zuciya zai kare ta? A Nuwamba 2018 an ɗauki takwas daga cikinsu a manyan motoci, tafiyar kilomita 800, aka kai su gandun Gadabeji a yankin Dakoro, don kada wata annoba ko fitina ta same su duka a wuri guda. Mutane sun yi wannan wahala saboda ƴaƴanki su gada.

Amma in dalilinsa na tsaro ne, to a nan ina bayansa, ki karanta amsar da na ba Malam Idi. Kada ki matsa masa a kan wannan. Kafin hali ya yi, ku kai yaran gidan tarihi na Bubu Hama nan cikin gari, su ga zaki da kura da dorina da jimina, da ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a hamadar Agadas. Dabbar keji ba ta kai ta daji ba, amma ta ishe su somin taɓi. Shi ma Alhaji ki roƙe shi ya raka ku, ko da zama zai yi a inuwa.

Tambaya ta uku, daga Nasiru, ɗan kasuwa a Katako, Yamai:

Baba, ina zuwa Kano sayayya da motata. Abokai sun ce mu zarce Yankari. In giwa ta tare mana hanya me zan yi?

Amsa:

Nasiru ɗana, Yankari tana jihar Bauchi, tafiyar kilomita ɗari da ƴan kai daga garin Bauchi. Ka tambayi duwan takardun da ake buƙata na fita da mota kafin ka tashi, ka tambayi mutanenka na Kano halin hanya, kuma kada dare ya same ka a kanta. A can ma ba a shiga daji sai da ma'aikacin gandun a cikin mota, kuma maganarsa ce a sama da taka ko da kai ke riƙe da sitiyari.

Giwa ba raƙumin dawa ba ce. Abin da na ce a kashe mota a sauka, na Kure ne kaɗai. Da giwa, ba mai fita. Ka tsaya tun daga nesa, ka bar inji yana aiki a hankali, ka duba madubi ka tabbata bayanka a buɗe yake, kuma motar abokanka kada ta manne maka. Hanyar tata ce, ka jira ta ƙetare ko da rabin awa ne. In garke ne, ka ƙirga: sau da yawa akwai ƙaramin da ya rage a baya cikin ciyawa, kuma wanda ya ratsa tsakaninsa da uwarsa shi ke jawo wa kansa. In ta buɗe kunnuwa tana girgiza kai tana watsa ƙasa, gargaɗi take yi, ka ja da baya sannu ba tare da oda ko ƙarar inji ba. Namijin da ka ga ruwa na zuba a gefen kansa, fitsari na ɗiga a ƙafafunsa na baya, yana cikin lokacin zafinsa, ka ninka nisan da ka ba sauran. Ɓauna guda da ta ware daga garke ita ma ka ba ta wuri.

A masaukin Wikki kuwa, inda ruwan ɗumin nan yake fitowa daga ƙarƙashin dutse, gwaggon biri ne zai dame ku. Sun san jaka, sun san leda, sun san ƙofar da ba a kulle ba. In za ku sauka wanka, ku ɗaga gilasai duka, ku kulle mota, abinci ya kasance a but, makulli kuma a hannun wanda zai zauna a bakin ruwa.